Waiwaye: Lahadi a Jibiya

Kasuwar Jibiya ranar Lahadi take ci. Ranar da ɗan Katolika ya kamata ya halarci Hadaya, ita ce ranar da motocin Ɗan Isa da Maraɗi ke cika gari, ciniki ya kankama. In bai je coci ba, ba mai tsare shi da tambaya. Da yawa daga masu bi a nan aiki ne ya kawo su: ɗan kasuwa daga kudu, jami'in kwastan da aka turo Magama, soja, malamar asibiti. Uwar da ta saba tashinsa da sassafe tana can garinsu. In ka gan shi a coci, shi ya kai kansa.

Haka bangaskiyar Katolika ta taso a ƙasar nan tun asali. A 1953 aka damƙa lardunan Sakkwato da Katsina a hannun fada-fada 'yan Dominikan daga Amurka, ƙarƙashin Edward Lawton. Ƙasa ga faɗi, su kuwa 'yan kaɗan. A ƙauyukan Maguzawa na wajen Malumfashi da Kafur, sai a daɗe ba a ga Fada ba. Katekis ne ke tara jama'a, ya karanta Bishara da Hausa, ya shirya masu neman baftisma, ya yi wa mamaci addu'a. Galibinsu manoma ne, sai sun dawo daga gona su hau keke zuwa ƙauye na gaba. 'Yan Zumuntar Mata kuma suka riƙe waƙa, da gaisuwar marar lafiya, da tarbiyyar yara. Mu da muka tarar da coci a gine, kan gumin waɗannan mutane muke zaune, kuma ba kasafai muke tuna su ba.

Sai ga shekarun wuya. A watan Mayun 2021 'yan bindiga suka afka wa gidan fada-fada a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da Fada Joe Keke. Shekara na zagayowa aka sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara a Gidan Maikambo. Jibiya ma ta sha hare-hare, ga rufe iyaka a 2019, ga wani rufewar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. A lokacin kasuwa ta mutu, wasu suka kwashe iyali suka tafi, ban kuma ga laifinsu ba. Waɗanda suka zauna sun gane cewa ibadar da ke jiran sai an zo an yi wa mutum jagora ba ta jure irin wannan lokaci.

A watan Oktoban 2023 Paparoma Francis ya cire Katsina daga Dayosis ɗin Sakkwato ta Bishop Matthew Hassan Kukah, ya mai da ita dayosis mai zaman kanta, ya naɗa mata Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya zama bishop a Katolika. Mun yi murna, kuma ta cancanta. Abin da ke damuna shi ne kada mu ɗauka an sauke mana kaya. Bishop zai naɗa fada-fada, ya buɗe makarantu, ya yi magana da hukuma a madadinmu. Ba zai shigo ɗakinka da dare ya tara maka yara a kan Rosari ba, ba zai buɗe maka Littafi Mai Tsarki ba, ba zai je ya furta zunubi a madadinka ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna tuna mana wannan kullum ba tare da sun ce uffan ba. Ana kiran salla mai shago zai ja ƙyaure ya tafi masallaci, ko da mai saye na tsaye. Idan shi ya iya barin ciniki sau biyar a yini, me zai hana ni barinsa na awa biyu a mako?

Amma a bakin iyaka jarrabawa mafi tsanani ranar Litinin take farawa. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Jibiya ya san yawan shingaye, ya san abin da direba ke dunƙulewa a hannu kafin a ɗaga masa katako. A cikin masu tsayuwa a shingayen nan akwai waɗanda suka karɓi Jibin Ubangiji jiya. A cikin masu shigo da shinkafa da fitar da fetur ta ɓarauniyar hanya ma akwai namu. Jami'in da ya ƙi miƙa hannu zai koma gida da albashinsa kaɗai, abokan aiki su riƙa yi masa kallon mai tona musu asiri, wataƙila ma a yi masa canjin wurin aiki. Ɗan kasuwar da ya biya kuɗin fito yadda doka ta ce, kayansa za su fi na maƙwabcinsa tsada, kuma sai ya yi wa matarsa bayanin dalilin da ribar bana ta ragu.