Hoton ɗaki a WhatsApp ba ɗaki ba ne

Ƙanena ya samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero, amma bai samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai ba. Yana gida a Kibiya wani dillali ya turo masa hotunan ɗaki a Danbare, da tayil da fanka, wai ya tura kafin alƙalami kada wani ya riga shi. Na saka hoton a Google Lens, sai ga shi a wani tallan gida na Legas.

Rubuta manhaja ce sana'ata, amma ban yarda waya za ta kama maka ɗaki ba. Amfaninta ta tona asirin maƙaryaci. Ku yi kiran bidiyo, ya buɗe famfo, ya leƙa banɗaki, ya fito titi ka ga unguwar. Ya turo wurin a Google Maps, domin “kusa da BUK” magana biyu ce: Dorayi tana kusa da tsohon matsuguni, Danbare kuma da sabon da ke titin Gwarzo. Kuskure a nan, kullum kana cikin adaidaita.

Sannan ka hau mota daga Rano, ka ga mai gidan ido da ido, ka gwada sabis a ƙuryar ɗakin, ba a bakin ƙofa ba. Kafin nan, ko sisi kada ka tura.