Uwargida, Duba Kwanon Karen Gidanki

Kwanakin baya na shiga gidan wata maƙwabciyata na tarar tana ta faɗa, wai karensu na gadi ya ɓata tsakar gida da zawo. Da na bi ba'asi, ashe maigida ne ya sayo buhun abincin karnuka na kanti, aka daina ba shi tuwon da ya saba, rana ɗaya aka juye masa sabon.

'Yan'uwana mata, na san wasu za su ce, ai kare ne, me za a zauna ana rubutu a kansa? To, dabbar da ta kwana tana tsaron gidanki tana da hakki a kanki. Bayan haka, tsakar gidan da yake ɓatawa nan ne 'ya'yanmu ke rarrafe.

Sau da yawa laifin na gaggawa ne. Cikin kare yana da ƙananan ƙwayoyin halitta masu taimaka masa narkar da abincin da ya saba, kuma sai a hankali suke sabawa da wani. Saboda haka a ɗauki kwana 7. Kwana biyun farko a sa kashi ɗaya cikin huɗu na sabon, sauran na tsohon. Kwana na 3 da na 4 rabi da rabi. Kwana na 5 da na 6 kashi uku cikin huɗu. Ran na 7 sai a ba shi sabon zalla. Kada ruwan sha ya yanke masa.

Amma fa wani lokaci abincin ne da kansa guba. A 2007 karnuka da kyanwoyi da yawa suka mutu da ciwon ƙoda a Amurka, har kamfanin Menu Foods ya janye kayansa daga kasuwa. Bincike ya nuna an zuba melamin, sinadarin da ake yin farantan roba da shi, cikin kayan alkamar da aka sayo daga ƙasar Sin, don in an auna a ga kamar abincin na gina jiki sosai. A ƙarshen 2020 kuma kamfanin Midwestern Pet Foods ya janye nasa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ta sami rahoton mutuwar dabbobi fiye da 110. Wannan karon gubar aflatoksin ce, wadda fumfuna ke haifarwa a jikin masara, ta kuwa lalata hanta.

Wannan fumfunar ita ce dai mai kama masararmu da gyaɗarmu in laima ta taɓa su, kuma dafuwa ba ta kashe gubar. Don haka al'adar nan ta cewa in hatsi ya lalace a tuƙa wa kare, lalle a bar ta.

Buhun kanti kuwa, ki duba ranar da zai lalace, ki shinshina, ki ajiye shi a busasshen wuri. In zawo ya wuce kwana 2, ko aka ga jini, ko amai ya yi yawa, ko idanunsa suka yi rawaya, a garzaya da shi asibitin dabbobi, a tafi da buhun.

Abin da ba za ki yarda ya shiga tukunyarki ba don ya ruɓe, kada ki zuba shi a kwanon mai gadinki. Allah Ya sa mu gane.