Kafin ka zuba tarwada dubu, fara raya kifi ɗaya tukuna



Yau ba maganar kaji ko tarwada zan yi ba. Maganar ɗan ƙaramin kifin nan ce mai jela kamar mayafin amarya, wanda ake ce wa betta, da ake sayar wa mutane cikin ƙaramin kwanon gilashi. Ra'ayina biyu ne a kansa. Na farko, wanga kwanon da ake ba ku shi a ciki kurkuku ne. Na biyu, duk matashin da ke shirin cin bashi ya haƙa kwamin kifi, ya fara kiwon wanga kifi ɗaya na wata uku.

Ni ma na taɓa faɗawa. Na saye shi cikin kwanon da bai kai lita biyu ba, mai sayarwa ya ce mini ba ya buƙatar komai. Hunturu na shigowa ya daina cin abinci, ya kwanta ƙasa, wata safiya na iske shi ya mutu. Ga ni da digirin harkar noma, kifi ɗaya ya gagare ni.

Asalin betta ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, cikin fadamun shinkafa da ƙananan ruwaye, kusan irin fadamarmu ta Wurno. A 2019 ma Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Yana da wata gaɓa da ke ba shi damar shaƙar iska daga saman ruwa, kamar yadda tarwada ke yi. Wannan ne ya sa ake cewa ko cikin kofi zai rayu. To ai tarwada ma tana kwana a bokiti, wa ya taɓa ganin ta yi ƙiba a ciki?

Matsalar ƙaramin kwano biyu ce. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce mai ƙona masa wurin numfashi, kuma in ruwa kaɗan ne nan da nan take taruwa. Sannan betta yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. Mu nan bazara tana wuce 40, daren hunturu kuwa sanyi na sauka ƙasa da 20. Ruwa kaɗan iska yake bi, ya yi zafi da rana ya huce da dare.

Ga yadda nake yi yanzu:

1. Mazubi mai cin lita 20, ko aƙalla kusa da haka, da murfi mai ƙofar iska, don yana tsalle.
2. Tsakuwa ko yashin gulbi a ƙasa, a wanke sosai ba da sabulu ba.
3. Tsirrai. Ba sai ka yi oda daga Legas ba. Kainuwa tana nan a tafkunanmu, saiwoyinta na shanye dattin ruwa, kifin kuma na son fakewa ƙarƙashinta. Ka wanke ta, ka ajiye ta a wani bokiti mako guda saboda matsattsaku da ƙwari, kuma kada ta rufe fiye da rabin saman ruwan. In ka samu anubias, wadda asalinta ma nan Afirka ne, ka ɗaura ta a dutse, kada ka binne gindinta.
4. In ruwan famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe sinadarin kulorin ya fita.
5. Kada ka sa kifi ranar da ka haɗa. Ba shi makonni, kana ɗan jefa ƙwayar abinci, har ƙwayoyin halitta masu cinye amoniya su zauna.
6. Namiji ɗaya tak. Biyu faɗa za su yi har ɗaya ya illata.
7. Abinci kaɗan, sau biyu a rana. Yana son tsutsar sauro ƙwarai.
8. Duk mako ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Ka ajiye shi inda haske ke shiga amma rana ba ta dukansa.

Wani zai ce, malam, wanga ai wasan 'yan birni ne, kifin da ba a ci. Gaskiya ne ba ya shiga miya. Amma sake duba jerin nan. Ingancin ruwa, yawan kifi, ƙoshi fiye da kima, zafi da sanyi: su ne dai abubuwan da ke kashe 'ya'yan tarwada a kwami. Muna da madatsar Goronyo, muna da gulbin Rima, ruwa ba shi ne matsalarmu ba. Sanin ruwan ne ya yi mana ƙaranci. Gara ka koyi darasin nan da kifi ɗaya da ka koye shi da kuɗin albasar mahaifinka.

Sannan rai ne. Wanda ka tsare a gilashi, ci da shansa da lafiyarsa suna wuyanka, kuma za a tambaye ka. In ba za ka iya lita 20 da canjin ruwa duk mako ba, bar shi wurin mai shi.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu da asara.