Idan kwamfutar ofis ta fara ƙyas-ƙyas, a fara ceton takardu

A yawancin ofisoshin gwamnati a Abuja, idan kwamfuta ta fara ƙara, abin da ake yi bai wuce biyu ba: ko a ɗan bubbuga ta a ci gaba da aiki, ko a rubuta takardar neman gyara a jira sa hannun darakta. A ganina duka biyun sakaci ne, domin wani ƙaran sanarwa ce cewa abin da ke cikin na'urar yana dab da salwanta.

Ba kowane ƙara ne abin tsoro ba. Sau da yawa fanka ce, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke toshe kafofin iska. Gunji maras yankewa da ke ƙaruwa idan na'ura ta yi zafi, galibi nata ne, kuma busa ƙurar ya wadatar. Karkarwar da ke lafawa idan aka dafa akwatin kuwa, kusoshin da suka ɗaure faifan ajiya ne suka saki. Kwamfutar da ke da ma'ajiya irin ta SSD ba ta da abin da ke juyawa a cikin ma'ajiyar, don haka sai a nemi tushen ƙaran a wani wuri.

Inda magana take shi ne tsohon faifan ajiya mai juyawa. A cikinsa akwai fayafayai da ke zagayawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata allura da ke shawagi a kansu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba, ko kusa. Ɗan motsi lokacin buɗe fayil al'adarsa ce. Amma ƙyas-ƙyas mai maimaituwa a kan ƙa'ida ɗaya, tare da daskarewar allo, na nufin allurar ta kasa karanta wurin da take nema, tana komawa tana sake gwadawa. Idan ƙaran ya zama gurza, mai yiwuwa ta taɓa fayafayin, kuma kowane zagaye yana kankare bayanai. Ɗaukewar wuta ba zato da sauyawa zuwa janareta ba tare da UPS ba suna ƙara gajiyar da shi.

A nan ne tsari ke da muhimmanci. Idan kwamfutar na buɗewa, a kwashe muhimman fayiloli nan take, mafi muhimmanci a farko, kafin a gwada kowane irin gyara. Bayan haka ne za a duba lafiyar faifan da manhaja irin CrystalDiskInfo, wadda ke karanta rahoton SMART da faifan ke tarawa game da kansa. Umartar faifan da ke ƙyas-ƙyas ya binciki kansa daga farko zuwa ƙarshe tamkar sa majinyaci gudun fanfalaƙi ne. Idan gurza yake yi, a kashe shi. Kada a sa shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara, kada kuma a kwance murfinsa a kan tebur, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ƙarasa shi. Faifan da ya kai wannan matsayi ba a gyara shi, musanya shi ake yi.

Wani zai ce wannan aikin sashen fasaha ne. Gaskiya ne, amma ba sashen fasaha ne ya san cewa daftarin kasafin kuɗi da jawabin minista na gobe suna kan faifai ɗaya tilo ba. Hadimin da ya rubuta su ne ya sani. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati adana bayanan ayyukansu, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa ɗaukar faifan da ke ɗauke da sunaye da albashin ma'aikata a kai wa mai gyara a kasuwa ya zama abin da sai an yi tunani sau biyu.

Gwamnati na da Galaxy Backbone, ana kuma ta maganar raba aikin gwamnati da takarda. Kafin hakan ya kai kowane tebur, ya kamata manyan sakatarori su ba da izini a rubuce: duk ma'aikacin da ya ji ƙyas-ƙyas ya ajiye aikin da ke gabansa, ya kwashe fayiloli zuwa ma'ajiyar ofis, sannan ya cike takardar neman sabon faifai.