A KAI ƊALIBAI BAKIN IYAKA, GANI YA KORI JI

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin yau ina da magana da malaman jami'o'inmu, musamman masu koya wa samari da 'yan mata ilmin kasuwanci.

Cikin darussan da ake ba su akwai na tafiyar da aiki da isar da kaya, watau yadda kaya ke tasowa daga gona ko masana'anta, su shiga sito, su hau mota, har su kai hannun mai saye a kan kari ba tare da ɓarna ba. Turawa sun raɗa wa wannan ilmi suna wajen 1982, amma tun ba a haifi uwar mai sabulu ba balbela take da farinta. Madugan da suka riƙa kai ayari Gwanja sayen goro da shi suka ci abinci. Madugu ya san kwana nawa ne tsakanin zango da zango, ya san inda ruwa yake, da inda za a biya kuɗin fito. Ya kuma san goro ba ya jira, in ba a kwance huhu an tsince an sake ganye ba, sai hasara.

Abin da ya sa na ta da maganar nan shi ne, ni akawu ne na wani ɗan kasuwa mai sayo wake da aya daga Maraɗi. Kwanan baya aka ɗauki wani yaro mai digiri ya taimake ni, yaro mai ladabi da kaifin ƙwaƙwalwa. Ran nan sai ya ce mini, "Malam, ajiyar nan da kuke yi ɓarnar jari ce. Kamfanin Toyota na Japan ba ya tara kaya, sai ranar bukata ake kawo masa."

Na ce, "To, ƙanena, muna sayar da buhu 20 kullum, mota kuwa takan yi kwana 5 daga ranar da muka aika. Saura buhu nawa ya kamata mu aika a kawo wasu?"

Ya ce, "Buhu 100."

Na ce, "Ka ci. To, in an tsare motar kwana 3 a bakin iyaka saboda takarda ɗaya fa? In direba ya ƙi tafiyar dare don tsoron 'yan bindiga? In sefa ta tashi tsakanin ranar ciniki da ranar biya?" Sai ya yi shiru. Ban ga laifinsa ba. Lissafinsa daidai ne, amma an koya masa shi a kan hanyar da ba a taɓa rufewa.

Mu kuwa mutanen Farfaru da sauran ƙasar Jibiya mun san hanya tana rufuwa. A Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, yawanci saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. A Nuwamban shekarar aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, amma Jibiya sai Afrilun 2022. Ba a daɗe ba sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Wanda ya rataya dukan cinikinsa a kan hanya ɗaya da mai kawo masa kaya ɗaya, ya ji jiki. Wanda yake da 'yar ajiya da wani abokin ciniki a Dawanau ta Kano, ya lallaɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada fa mai karatu ya zaci ina cewa a cika sito maƙil. Yaron nan yana da tasa gaskiyar. Wake in ya daɗe ƙwari ne ke cinye shi, sai ko an zuba shi cikin buhun nan mai ruɓi uku da ba ya shan iska. Jarin da ke kwance kuma ba ya haihuwa. Ku tuna dalar gyada ta Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyada ya bunƙasa, amma bayan yaƙin da ya ƙare a 1945 gyada ta fi ƙarfin taragun jirgi, sai buhuna suka yi ta taruwa, wata tun ba a kwashe ta ba sabuwa ta iske ta. Muna alfahari da hotonta, amma ga mai wannan ilmi darasi ce: kaya ba su wuce ƙarfin mashigar da ta fi ƙunci. Sanin tsakaici, kada a tara da yawa, kada kuma a zauna hannu wofi, shi ne ainihin abin koyarwa, ba kuwa a samunsa a allo kaɗai.

Don haka ga shawarata ga malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, da ta Tarayya a Dutsin-Ma, da ta Bayero a Kano. Na farko, a ba kowane rukunin ɗalibai buhun wake ɗaya su bi labarinsa, daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa, zuwa Magama, zuwa Katsina, har Dawanau. Su rubuta kwanakin da ya yi, da hannuwan da ya ratsa, da abin da aka biya ɗan dako, da dillali, da ɗan kamasho, da kwastan, da ɗan canji. Na biyu, a gayyato tsofaffin 'yan kasuwa da direbobi cikin aji, a shimfiɗa musu kujera irin ta malamai, ko da ba su yi boko ba. Na uku, a koya wa yaran ɗan Faransanci, domin takardun ƙetare da shi ake rubuta su.

Na san wani zai ce hanya ba lafiya, kuɗi kuma babu. Gaskiya ne, ba kuwa na so a jefa ɗan kowa cikin hatsari. Amma ana iya zuwa kaɗan-kaɗan da rana bisa shawarar hukuma, in kuma ta ƙi, kasuwar Dawanau ba ta da nisa da jami'ar Kano.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, a Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon wajen kilomita 284, wadda aka tsara ta biyo ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara tsayawa a nan, za a nemi masu riƙon sito, da masu tsara lodi, da masu lissafin kwanaki. In ba mu shirya 'ya'yanmu ba, sai a ɗauko wasu daga nesa, namu kuma su tsaya ga dako.

Yaron ofishinmu yanzu kowane mako yakan zauna da direbobi, yana rubuta kwanakin da kowace mota ta yi a hanya. Shi da kansa ya zo ya ce mini mu riƙa aikawa tun saura buhu 160. Na karɓi shawararsa.

Iyakar maganata ke nan. Malaman da suka ga na yi kuskure, ina jiran amsarsu a wannan shafi.

Ni ne naka,
Akawun Farfaru, Jibiya.