Murar Tsuntsaye Ba Ta Tsaya Ga Kaji Ba

In aka ambaci aladu cikin zancen murar tsuntsaye, mutanen Karakkai da Bunguɗu da Tsafe sukan ce ba ruwansu, tun da yake ba su kiwon alade. Mu kuwa muna ganin lalle da ruwansu, ga kuma dalili.

Ƙwayar cutar nan asalinta ta tsuntsayen ruwa ce, ba ta saba da jikin mutum ba. Amma alade yana ɗaukar murar tsuntsu, yana kuma ɗaukar ta mutum. Kowace ƙwaya guntaye takwas gare ta a ciki. In iri biyu suka gamu a jikinsa sai su yi musayar guntayen, a sami sabon iri mai kama mutane. Murar da ta game duniya a 1957 da 1968 gamin ta tsuntsu da ta mutum ce, ta 2009 kuwa, wadda ta fara bayyana a Meziko, a jikin aladu ta harhaɗu.

Cikin Fabrairu 1906 ba wanda ya san wannan. Cikin Fabrairu 2006 kuwa aka tabbatar da mugun irin nan da ake kira H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, kusa da Kaduna, watau karo na farko a Afirka. A Janairu 2007 ya kashe mace guda a Ikko. Da ya sake ɓarkewa a 2015, likitocin dabbobi na Vom suka same shi a jikin aladu a Jos, alhali ba su nuna alamar ciwo ba. A 2024 ya shiga shanun tatsa a Amurka, har ya kama masu tatsarsu.

To, ashe alade hanya ɗaya ce kawai. Duk lokacin da cutar ta faɗa wa dabba mai shayarwa, ta sami damar sabawa da jiki irin namu. A gidajenmu kuwa kaji da agwagi da awaki da shanu kasko ɗaya suke sha.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da akawuna su faɗakar da jama'a. A raba akurki da turke. In kaji suka fara mutuwa barkatai, kada a yanka, kada a kai kasuwar Gusau. A binne mushe da zurfi, a wanke hannu da sabulu, a gaggauta sanar da malamin dabbobi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyaye mu, amin.