Iskar oksijan kafin tiyatar gyaran jiki: magani ne ko dabarar kasuwa?

Wanda ke duba Facebook ko TikTok ya ga tallan asibitocin Turkiyya da Tunusiya masu aikin rage tumbi, gyaran hanci da ƙarin mazaunai. Wasunsu na haɗawa da wani abu: zaman shaƙar iskar oksijan kafin aiki da bayansa, wai don rauni ya warke da wuri. To mene ne gaskiyar lamarin?

Iskar da muke shaƙa kullum, kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijan. A wannan magani ana sa mutum cikin wani rufaffen ɗaki mai kama da tanki, a ƙara matsin iska ninki biyu zuwa uku, ya shaƙi oksijan zalla na kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Jini ya ɗauki iskar da yawa, ya kai ta ga naman da ke neman mutuwa.

Maganin ba ƙarya ba ne. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi ga gyambon ƙafar mai ciwon suga, da ƙuna mai tsanani, da gubar hayaƙin gawayi, da fatar da aka dasa ta ƙi kamawa. Amma duka waɗannan ceto ne bayan matsala ta auku. Mai lafiya da ke shirin tiyatar kwalliya ba ya cikin jerin. A 2021 hukumar ta gargaɗi jama'a game da masu tallata shi kan abin da ba a tabbatar ba.

Kuma yana da haɗarinsa. Matsin na iya cutar da dodon kunne, ya saukar da sugan mai ciwon suga. Oksijan zalla kuwa abincin wuta ne: a watan Janairun 2025 wani yaro ɗan shekara 5 ya rasu a jihar Mishigan ta Amurka da wuta ta tashi a irin wannan tanki.

Abin da ke taimakon rauni ba shi da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2020 cewa barin taba aƙalla mako 4 kafin tiyata na rage matsalolin bayan aiki. Shisha ma a ajiye ta. A auna suga, hawan jini da ƙarancin jini, kada a ɓoye wa likita komai. Kuma kada a yi gaggawar hawa jirgi, domin doguwar tafiya bayan aiki na ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa.

Tambayar da ya kamata ƴar'uwarmu ta yi kafin ta biya ita ce: idan ɗinkin ya ruɓe bayan na koma Maraɗi, Damagaram ko Tawa, wa zai duba ni? Mai talla ya riga ya karɓi kuɗinsa, jinyar kuwa kan dangi za ta faɗa. In asibiti ya kasa amsa wannan, zaman tanki ba zai cike gurbin ba.